Wa Ke Kula Da Masu Kula Da Matasa?

A makon jiya na halarci wani taron kwana uku na shugabannin matasan ikilisiyoyi a Jos. An gayyace ni ne in gabatar da maƙala, amma na tashi da tambayar da har yau ta hana ni sakat.

Mahalartan sun fito daga ECWA da COCIN da EYN da sauransu. Galibinsu malaman firamare ne da teloli da ƙananan ma'aikata, masu aikin sa kai, ba a biyan su ko sisi. Na ɗauka tattaunawar ba za ta wuce wa'azi da waƙa ba, sai wata baiwar Allah ta miƙe ta ce yaron da ke kaɗa musu ganga a sujada ya faɗa shan tiramadol, iyayensa kuma sun roƙe ta ta rufa musu asiri. Ta ce, "Ina zan kai shi?" Zauren ya yi tsit. Ni ma, duk da digirina na uku, na rasa amsa.

Tun 2018 Gwamnatin Tarayya ta haramta maganin tari mai kodin, amma shaye-shaye bai kau ba. Irin wannan mata ce yaro ke fara gaya wa damuwarsa, alhali ba ta da horo, ba ta da abokin shawara.

Ina kira ga shugabannin ikilisiya: cikin baikon da ake tarawa domin gini, a ware kaso domin horar da waɗannan ma'aikata, a kuma haɗa su da likitocin ƙwaƙwalwa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma a hannunsu yake.