Silin Asbestos: A Duba Kafin a Tare

Idan haihuwa ta ƙarato, magidanta da yawa kan sayi gida ko su gyara ɗakin maijego kafin ranar suna. Sai dai a tsofaffin gidajen Katsina, musamman kwatas ɗin ma'aikata, har yanzu ana samun silin da rufin asbestos.

Muddin ba a taɓa silin ba, haɗarinsa kaɗan ne. Amma da an fasa shi ko an yanka da zarto, ƙurar da ido ba ya gani takan maƙale a huhu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar tana jawo ciwon dajin huhu, da na maƙogwaro, da na ma'ajiyar ƙwan mace. Cutar kan ɓuya shekara 20 ko fiye, wato jaririn da ya shaƙa yau sai ya girma ta bayyana.

Mai saye ya tambayi dillali. Mai sayarwa ya faɗi gaskiya, domin ɓoye aibin haja cin amana ne. Lokacin gyara, mai juna biyu da yara su koma gidan dangi. A jiƙa silin kafin a cire, a goge ƙasa da jiƙaƙƙen tsumma maimakon tsintsiya. Allah Ya sauke ku lafiya.