Kantar Ƙafa Da Abin Da Ke Kawo Ta

Hakimai da malamansu, ga bayani game da wata 'yar larura wadda jama'a kan raina, alhali kuwa takan raba mutum da ƙafarsa.

Kanta dai fata ce da ta yi kauri domin yawan guga ko dannewa a wuri ɗaya. Mai faɗi a tafin ƙafa ba ta cika damun kowa ba. Wadda ke hana sakat ita ce 'yar ƙarama mai ƙwaya a tsakiya, kan ƙwayar kamar tsinke yana duban cikin nama, duk takun da aka yi sai ya soki mutum. Takan fito a bisan ƙaramin yatsa, ko tsakanin yatsa na 4 da na 5, inda laima kan sa ta yi fari da taushi. Ba ta da saiwa, kamar yadda wasu ke zato. Yawanci takalmi sau-ciki wanda ya matse shi ke kawo ta, don haka ko an yanke ta sau goma, muddin ana sa takalmin nan sai ta komo.

Maganin ba wuya. A jiƙa ƙafa cikin ruwan ɗumi kamar minti 10, a goge da dutsen goge kaushi a hankali, a shafa man kaɗe. Bayan alwala a tsane tsakanin yatsu. In za a sayi takalmi a gwada shi da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, kuma a bar wa yatsu sarari.

Amma akwai mutum biyu da wannan magani bai shafa ba, watau mai ciwon sukari da wanda kuturta ta taɓa. Su waɗannan ƙafarsu takan mutu, ba su jin zafi, har miki ya ɓuya ƙarƙashin kanta yana ci ba su sani ba. In wanzami ya sa aska, ko aka liƙa filastar kanta da ake sayarwa a kanti, wadda maganinta ke cin fata, sai gyambo, daga gyambo kuwa sau da yawa sai likita ya yanke ƙafar.

Saboda haka muna roƙon Hakimai su umurci dagatai da masu unguwa su sanar da jama'a: mai ɗayan ciwon nan ya duba tafin ƙafarsa kullum, kada ya taka ƙasa ba takalmi, in ya ga kanta ya nufi asibiti. A kuma tuna musu cewa kuturta tana warkewa, kuma tun 1995 Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da maganinta kyauta, ana sha wata 6 ko wata 12.