Kifin Ado a Lokacin Hunturu

A gidajenmu na Sabon Gari da Fagge, yaro yakan kawo ɗan kifin nan mai jela kamar tuta, wanda ake kira betta, a cikin kwalba. Bayan kwana uku sai kifin ya kwanta, ya ƙi cin abinci, yaro ya shiga kuka. Kafin mu nemi magani, mu fara duba ruwa.

Asalin kifin nan ƙasar Tailan ne, inda yake zama cikin fadamun shinkafa. Yana bukatar ɗumin digiri 24 zuwa 28. A Kano kuwa, cikin Disamba da Janairu, sanyin dare yakan sauko ƙasa da digiri 15. Saboda haka mu kawar da shi daga bakin taga, mu lulluɓe mazubinsa da dare. Amma mu bar kafa, gama yakan taso sama ya shaƙi iska.

Kwalba ta yi masa kaɗan. Mu samo mazubi mai faɗi, mu riƙa canja kashi ɗaya cikin huɗu na ruwan kowane mako. Ruwan famfo yana da kulorin, sai ya kwana a buɗaɗɗen bokiti tukuna.

In jelarsa tana zagwanyewa, yawanci ƙazamin ruwa ne. In cikinsa ya kumbura, abinci ya yi yawa, mu hana shi kwana ɗaya. In farin ɗigo kamar gishiri ya fito masa, mu nemi likitan dabbobi. Kada kuma mu haɗa maza biyu, faɗa za su yi.

Mu koya wa yaro ya duba ruwan kowace safiya kafin ya tafi makaranta.