Shirun likita da majinyaci kan lafiyar jima'i: gaskiya da jita-jita

Likitan iyali shi ne wanda majinyaci ke fara gani kan kowace irin larura, amma ba kasafai ake taɓo matsalolin kwanciyar aure a gabansa ba. An daɗe ana ɗora laifin wannan shiru a kan kunyar majinyaci kaɗai, alhali likitan ma yana da nasa kason. Wani bincike da aka yi a birnin Sheffield na Ingila, aka wallafa a 2004, ya nuna likitoci da ma'aikatan jinya su ma suna kauce wa batun: lokaci ya yi musu kaɗan, horonsu a fannin bai wadatar ba, kuma sun fi jin nauyi idan majinyacin dattijo ne, ko jinsinsu ya bambanta, ko al'adarsa ba tasu ba ce. Sai kowa ya zuba wa ɗan'uwansa ido, har a rabu ba a ce uffan ba.

Zaton cewa tsofaffi sun wuce wannan babi ba shi da tushe. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2007 ya gano cewa kashi 53 cikin ɗari na masu shekara 65 zuwa 74 suna ci gaba da saduwa, amma kashi 38 na maza da kashi 22 na mata ne kawai suka tattauna batun da likita bayan sun haura 50.

Mafi haɗari shi ne ɗaukar raunin mazakuta a matsayin ƙaramin abu da maganin basir zai kawar. Jijiyoyin jinin gaban namiji sun fi na zuciya ƙanƙanta, don haka sukan riga toshewa, kuma raunin kan bayyana shekaru kafin ciwon zuciya. Ciwon suga da hawan jini na cikin manyan dalilansa. Ƙorafin cewa wasu magungunan asibiti na rage ƙarfi ko sha'awa kuwa gaskiya ne. Wasu na hawan jini da na ciwon damuwa suna yin haka. Mafita ita ce likita ya canja maganin, domin wanda ya daina sha a ɓoye ya sayi matsalar da ta fi ta farko. Haka kuma haɗa Viagra da magungunan ciwon ƙirji na rukunin naitiret na iya faɗar da jini har ya kai ga halaka.

Ciwon sanyi irin na gonoriya ba a masai ake ɗaukarsa ba, ta saduwa ne. Rashin alama ma ba shaidar lafiya ba ne, musamman ga mata.

Tsoron tonuwar asiri yana da dalili inda likitoci biyu ke ɗaki guda, ko miji ko suruka ke zaune a gefe. Sai dai Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikatan lafiya a Najeriya riƙe sirrin majinyaci, kuma yana iya neman a gan shi shi kaɗai. A tsarin tattauna matsalolin jima'i da wani masani, Jack Annon, ya fitar a 1976, matakin farko shi ne likita ya nuna wa majinyaci cewa an yarda a yi wannan magana. Kaɗan ne daga cikin masu matsalar ke buƙatar a tura su ga ƙwararre.