Hannun Ƙofa Ba Ya Ɓallewa Dare Ɗaya

Wata Talata ce a zangon karatun da ya wuce, muna da jarrabawa da ƙarfe takwas na safe. Bakwai da rabi na rataya jaka, na kama hannun ƙofar ɗakinmu na kwanan ɗalibai na danna. Sai kawai ya biyo ni. Na tsaya riƙe da shi kamar ludayi, ƙofa kuwa tana nan a rufe. Daga waje muka ji ƙarar faɗuwar ɗaya hannun a kan siminti.

Mu uku ne a ciki, taga kuma da ƙarafa. Muka buga, muka yi ihu, amma yawancin maƙwabtanmu sun riga sun fita. Wadda ta fara zuwa ƙafa ta sa ta daki ƙofar, ko gezau. Sai da aka kira wani dattijo kafinta da ke aiki a bayan ginin. Bai ciro guduma ba. Ya sunkuya ya ɗauki hannun da ya faɗi, ya zura sandarsa a ramin, ya danna. Ƙofa ta buɗe.

Ya dube ni ya ce, "'Yata, wata nawa hannun nan yana rawa?"

Na ce, "Baba, tun farkon zango."

Ya ce, "To, kin gani. Hannun ƙofa ba ya ɓallewa dare ɗaya. Ya daɗe yana yi muku magana, ku ne ba ku saurara ba. Kuma ko da almakashi da kun buɗe ta daga ciki."

Na shiga ɗakin jarrabawa a makare, da ƙyar aka bar ni na zauna. Da yamma na koma wurin Baba na ce ya koya mini. Abin da na koya a wurinsa, da wanda na ƙara sani bayan na gyara ƙofofi huɗu a gidanmu lokacin hutu, shi na kawo muku yau, ƙannena.

Me ke cikin ƙofar?

Hannun da aka fi gani a gidaje da makarantu shi ne mai dannawa ƙasa, wanda ke zaune a kan dogon farantin ƙarfe. Abubuwa huɗu ne suke aiki tare a wurin.

Na farko, hannaye biyu, na ciki da na waje. Na biyu, wata sandar ƙarfe mai kusurwa huɗu da ta ratsa ƙofar ta haɗa su. Kaurinta galibi milimita 8 ne. Na uku, kuba, wato akwatin ƙarfen da aka binne a cikin kaurin ƙofar. A jikinta akwai rami mai kusurwa huɗu da sandar ke bi, akwai kuma ɗan harshe mai gefe ɗaya a karkace da ke leƙowa ya kama firam ɗin ƙofa. Na huɗu, sifirin, wanda ke mayar da hannu da harshen wurinsu idan an saki.

Idan kun danna hannu, sanda ta juya, ita kuma ta ja harshe ciki, ƙofa ta buɗe. Shi ke nan. Notuna ne kawai suke riƙe da farantan a jikin ƙofa. Wasu gajeru ne da ke cizon katako. Wasu dogaye ne da ke ratsa ƙofar su shiga cikin 'yan'uwansu a ɗaya gefen. Irin na biyun ne a ƙofarmu, shi ya sa da na ƙarshe ya fita, hannayen biyu suka faɗi tare.

Me ke kwance shi?

Yawan aiki ne na farko. Ku ƙiyasta ajin da ke da ɗalibai sittin, kowa ya shiga ya fita sau huɗu a rana. Kowace dannawa tana ɗan girgiza noti. Sai bugun ƙofa da ƙarfi, da rataya jaka ko bokiti ko jiƙaƙƙen tawul a kan hannu, da ƙananan yara masu lilo da shi.

Yanayi ma yana da nasa rabon. Katako yana shan laima ya kumbura da damina, ya bushe ya tsuke da hunturu. Wannan kumburi da tsukewa kan buɗa ramin noti a hankali. Idan kuma ƙofa ta kumbura tana cijewa, mutane sukan fizge ta da ƙarfi, hannun ne ke ɗaukar wahalar.

Kayan aiki

Ba su da yawa. Sukudireba biyu: mai baki kamar alamar tarawa da mai baki kamar alamar ɗebewa. Filaya. Tsinken ashana ko na sakace. Gam ɗin katako. Ɗan man keken ɗinki. Fensir. Sai ƙaramin kwano da za ku riƙa zuba notuna, domin noti idan ya faɗi ƙasa sai ka ce da ƙafa yake gudu.

Kafin ku taɓa komai, ku riƙe ƙa'idoji uku. Ku nemi izini: a gida wurin iyaye, a makaranta wurin malamin aji ko mai kula da ɗakin kwana. Ku buɗe ƙofar ku tokare ta da dutse ko takalmi, kada ku yi aiki tana rufe. Sannan ku ɗauki hoto da waya, ko ku zana a takarda, domin ku san yadda za ku mayar da kowane abu.

A duba kafin a kwance

Baba ya ce mini rabin gyara shi ne gane ciwon. Ku kama hannun ku jijjiga shi a hankali, ku lura da abin da ke motsi.

Idan farantin gaba ɗaya ne ke motsi, notuna ne suka saki. Ku ɗaure su ta hanyar juya sukudireba yadda hannun agogo ke tafiya. Ku ɗaura na sama kaɗan, na ƙasa kaɗan, ku riƙa zagayawa har farantin ya kwanta. Idan masu ratsa ƙofa ne, wani ya riƙe na ɗaya gefen da sukudireba ta biyu. Da zarar noti ya tsaya, ku ma ku tsaya. Matsewa fiye da kima tana cinye kan noti, tana kuma sa hannu ya yi tauri. Kada garin gyaran gira a rasa ido.

Idan noti yana ta juyawa ba ya kamawa, ramin katakon ne ya buɗe. Ku cire notin, ku shafa wa tsinke biyu ko uku gam, ku cusa su a ramin, ku karya abin da ya yi saura. Idan ashana ce, ku fara cire kan. Ku bari gam ya bushe, sannan ku mayar da noti. Yanzu ya samu abin cizo. Wannan dabara ta katako ce kawai. A ƙofar ƙarfe, idan rami ya buɗe, sai noti mai ɗan kauri, ko mai ratsawa, ko a kira mai walda.

Idan farantin yana nan daram amma hannun kansa ne ke zamewa, ku leƙa ƙarƙashin wuyansa. A wasu hannayen akwai wani mitsitsin noti marar kai da ke danne sanda. Yawanci ana ɗaure shi da wani siririn ƙarfe mai kusurwa shida, lanƙwasasshe kamar harafin L, irin wanda masu gyaran keke da babur ke riƙewa. Kuna iya ara a wurinsu.

Idan hannun ya langaɓe ƙasa ba ya komawa, sifirin ne ya gaji ko ya karye. Ku cire hannun daga ƙofa ku danna shi a hannunku. In bai koma ba, matsalar tasa ce. In ya koma, ku duba kuba.

Idan hannu yana juyawa amma harshe ba ya shiga, ku zaro sandar ku duba. Wataƙila kusurwoyinta sun cinye sun zama zagaye, ko ta yi gajarta ta zame daga gefe ɗaya. Ana sayar da sandar ita kaɗai. In ta yi tsawo, a rage ta da zarton ƙarfe. In sandar lafiya take, to cikin kuba ne ya lalace, sai canji.

Idan kuwa tauri kawai yake yi, ku ɗiga man keke kaɗan a harshe da inda hannu ke juyawa. Kada ku sa man gyaɗa ko manja, domin suna danƙarewa su tara ƙura. Ramin mabuɗi kuma ba ya son mai. Ku goga bakin fensir a haƙoran mabuɗin, ku zura ku zaro sau da yawa. Baƙin fensir yana sa santsi ba tare da ya kama ƙura ba.

Akwai kuma hannu mai dunƙulallen kai kamar lemo, wanda aka fi sa wa banɗaki. A wasu, notuna biyu suna fili ta gefen ciki. A wasu an ɓoye su. Ku nemi ɗan rami a wuyan hannun, ku danna abin da ke ciki da siririyar ƙusa, ku ja kan ya fita. Sai ku ɓamɓare murfin da ke manne da ƙofa a hankali. Notunan suna ƙarƙashinsa.

In gyara ya ƙi, sai canji

Hannun da ya tsage ko kubar da ta mutu ba su da magani sai sabo. Babban kuskure shi ne a tafi kasuwa hannu rabbana a ce, "A ba ni hannun ƙofa." Ba girmansu ɗaya ba. Tazarar da ke tsakanin ramin sanda da ramin mabuɗi ta bambanta: akwai mai milimita 72, akwai mai 85, akwai wasu. Idan ba ta dace ba, farantin zai rufe ramin mabuɗi. Hanya mafi sauƙi ita ce ku tafi da tsohon a leda, ku ɗora shi a kan sabon a gaban mai shago. Ku kuma ɗaga ku ji nauyinsa, ku danna ku ji ƙarfin sifirin. Mai sakayau da yawa ba ya jure ƙofar da ake yawan bi.

Idan hannaye kawai za ku canza, ku kwance tsofaffin, ku zura sanda, ku ɗora sababbin, ku daidaita ramin mabuɗi, sannan ku ɗaure.

Idan har da kuba ne, kuma irin mai silinda ce, wato ƙarfen da mabuɗi ke shiga, ku duba kaurin ƙofa daidai saitinta. Za ku ga kan wani dogon noti. Ku cire shi, ku sa mabuɗi ku ɗan juya kaɗan kuna ja, silinda za ta zamo waje. Sai ku kwance notuna biyu na sama da ƙasa, ku zaro kubar. Wajen sa sabuwa, ku lura da harshe: gefensa mai karkata shi zai fara haɗuwa da firam idan ana rufe ƙofa. Yawancin kubobi ana iya juya harshensu, ku roƙi mai shago ya nuna muku.

Daga nan sai gwaji, kuma ƙofa a buɗe. Ku danna ta ciki, ku danna ta waje, ku juya mabuɗi ta kowane gefe. Sai komai ya tafi daidai za ku rufe, kuma a rufewar farko wani ya tsaya a waje. Idan aikin ya kai ga fafe katako ko yankan ƙarfe, ku bar wa kafinta ko mai walda, ku tsaya kusa ku kalla.

In kun maƙale a ciki

Kada ku ruɗe, kada ku daki ƙofa. Idan sanda tana nan a leƙe, ku kama ta da filaya ku juya ta gefen da hannu ke bi. Idan ta faɗi waje, ku zura bakin sukudireba mai faɗi ko bakin almakashi a rufe cikin ramin mai kusurwa huɗu, har ya cije, ku juya a hankali. In ya ƙi, ku kira babba.

Ba ƙaramin abu ba ne

Mu jarrabawa kawai muka kusa rasawa. Amma ku yi tunanin da wayar lantarki ce ta kama wuta, ko ɗayanmu ce numfashinta ya sarƙe cikin dare.

A ranar 16 ga Yuni, 1883, a wani zauren taro mai suna Victoria Hall da ke garin Sunderland a Ingila, yara suka ruga kan matakala domin karɓar kyaututtuka bayan wani wasa. Ƙofar da ke ƙasan matakalar ciki take buɗewa, an kuma danna mata sakata, an bar 'yar kafar da yaro ɗaya kawai zai iya wucewa. Yara 183 suka mutu a turmutsitsin. Bayan wannan ne aka tilasta wa irin waɗannan wurare yin ƙofofin gaggawa masu buɗewa waje, aka kuma ƙirƙiro doguwar sandar nan da ake turawa ƙofa ta buɗe nan take. Can ba hannu ne ya lalace ba, amma darasin ɗaya ne: duk ɗakin da mutane ke taruwa, dole ƙofarsa ta buɗe a taɓawar farko. Ajinku da ɗakin kwananku suna cikin irin waɗannan ɗakuna.

Saboda haka ga aikin wannan mako, maza da mata. Ku zagaya gidanku ku jijjiga kowane hannun ƙofa. Wanda kuka ji yana rawa, ku nemi izini ku ɗaure shi. Ranar Litinin ku gwada na ajinku, in yana motsi ku faɗa wa malami a ranar, kada ku jira shugaban aji. Ni dai yanzu akwai ƙaramar sukudireba a jakata kusa da biro, kuma ƙofofi uku na ɗaure wa maƙwabta a wannan zangon.