Rage Ƙiba ga Mai Shan Maganin Cutar Garkuwar Jiki

1.0 Gabatarwa

Allah ya halicci jikin ɗan'adam da garkuwa wadda aikinta shi ne yaƙar ƙwayoyin cuta da ke shigowa daga waje. Wani lokaci wannan garkuwa kan rikice, ta kasa bambance baƙo da ɗan gida, har ta riƙa afka wa sassan jikin da ya kamata ta kare. Masana sun gano cututtuka sama da 80 da ke tasowa ta wannan hanya. Yawancinsu ba a warkewa daga gare su gaba ɗaya, sai dai a yi ta lallaɓa su da magani shekara da shekaru. Ɗaya daga cikin matsalolin da masu irin wannan jinya ke kokawa da su ita ce ƙiba. Wannan babi zai bayyana dalilin ƙibar, da haɗarin da ke cikin gaggawar rabuwa da ita, da kuma hanyar rage ta ba tare da an ta da cutar da ke kwance ba.

2.0 Cututtukan da Maganinsu

Daga cikin fitattun cututtukan garkuwar jiki akwai amosanin gaɓɓai, wanda ke kumbura gaɓoɓin hannu da na ƙafa, ya sa su sanƙare, musamman da safe. Akwai kuma lufus, wadda kan taɓa fata da gaɓɓai da ƙoda da jini. Kimanin tara cikin goma na masu lufus mata ne, galibinsu kuma a shekarun haihuwa, sannan ta fi kama baƙar fata fiye da Turawa. Haka nan akwai cutar Hashimoto, wadda wani likita ɗan ƙasar Japan ya bayyana a 1912, inda garkuwa ke lalata halittar maƙogwaro mai daidaita yadda jiki ke ƙona abinci.

A shekarar 1948, wani likita mai suna Philip Hench na asibitin Mayo da ke Amurka ya gwada maganin kotizon a kan wata mai fama da amosanin gaɓɓai, cikin 'yan kwanaki ta samu sauƙi mai ban mamaki. Wannan aiki ne ya sa aka ba shi lambar yabo ta Nobel a 1950 tare da wasu masana biyu. Daga 1955 aka fara amfani da firednisolon, ɗan'uwan kotizon, wanda har yanzu likitoci ke dogaro da shi wajen kwantar da garkuwa idan ta tashi.

3.0 Abin da ke Jawo Ƙibar

Firednisolon yana kwaikwayon wani sinadari ne mai suna kotizol, wanda wasu ƙananan halittu biyu da ke saman ƙoda ke samarwa. Idan ya yi yawa a jiki na tsawon lokaci, abubuwa huɗu kan faru. Na farko, yana buɗe ciki, mutum ya riƙa jin yunwa ko da bai jima da cin abinci ba. Na biyu, yana sauya mazaunin kitse, ya tara shi a fuska da bayan wuya da tumbi, alhali hannuwa da ƙafafu na sirancewa. Na uku, yana sa jiki riƙe gishiri da ruwa. Na huɗu, yana zaizaye tsoka, ita kuwa tsoka ita ce ta fi ƙona abinci a jiki.

Ban da magani, ita kanta cutar tana da nata kason. Wanda gwiwarsa ke ciwo ba zai so tafiya ba, wanda kuma gajiya ta rufe ba zai iya aikin ƙarfi ba. Mai cutar Hashimoto kuwa, jikinsa ne ke nawa wajen ƙona abinci har sai an daidaita masa maganinsa. Ke nan, kuskure ne a ɗora wa irin wannan majinyaci laifin haɗama ko lalaci.

Wajibi ne kuma a bambance kitse da ruwa. Idan nauyi ya ƙaru da kilo biyu ko uku cikin 'yan kwanaki, ƙafafu suka kumbura, fitsari na kumfa, to mai yiwuwa ƙoda ce ta taɓu. Wannan ba batun rage cin abinci ba ne, batun garzayawa asibiti ne.

4.0 Haɗarin Gaggawa

Babban kuskuren da majinyata ke yi shi ne dakatar da magani da kansu don sun ga kamanninsu sun sauya. Idan mutum ya sha firednisolon fiye da mako uku, jikinsa kan rage samar da nasa kotizol, ya dogara da na ƙwayar magani. Yanke shi lokaci guda na iya jawo amai da kasala mai tsanani da faɗuwar bugun jini, har ma da rasa rai, baya ga tashin cutar ta asali. An gudu gara ke nan an faɗa gidan zago. Likita ne kaɗai ke rage shi, a hankali a hankali. A shawarar da ƙungiyar likitocin amosani ta Turai ta fitar a 2023, an so a saukar da mai lufus zuwa miligiram 5 ko ƙasa da haka a rana, a kuma janye shi idan hali ya yi, ta hanyar jingina da wasu magunguna da ba sa jawo ƙiba.

Haɗari na biyu shi ne shayin rage teɓa da haɗe-haɗen da ake tallatawa a kasuwa da kafafen sada zumunta. Da yawa daga cikinsu zawo da fitsari kawai suke sawa, abin da ke zuba kuwa ruwa ne. Ga wanda cuta ta riga ta raunana wa ƙoda, ko mai shan metotirezet wanda ke da nauyi a kan hanta, irin wannan haɗi na iya zama ajali. Na uku shi ne horon yunwa, wanda ke cinye tsoka tare da kitse, ya kuma ƙara wa ƙashi rauni a kan wanda magani ya riga ya jawo.

5.0 Hanyar da ta Dace

Matakin farko shi ne sanin inda aka tsaya. Ana raba nauyin mutum da tsawonsa sau tsawonsa. Misali, mai kilo 80 da tsawon mita 1.6 zai tashi da 31. A ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 25 nauyi ya wuce kima, daga 30 kuwa an shiga ƙiba. Burin da ya dace shi ne rage kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari na nauyi a watanni shida, wato kilo 4 zuwa 8 ga mai kilo 80, ba fiye da rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako ba. Ko wannan ɗan ragi na sassauta hawan jini da sukari, kuma kowane kilo da ya tafi yana ɗauke wa gwiwa nauyin kusan kilo huɗu a kowane taku.

Ta fuskar abinci, ba sai an nemo na ƙasashen waje ba. A rage malmalar tuwo da yawan shinkafa, a cike gurbin da zogale da rama da alayyafo da kuɓewa, domin ganye na cika ciki ya daɗe bai saki ba. Wake da kifi da ƙwai da nama marar kitse na kare tsoka, sai dai mai matsalar ƙoda ya nemi a ƙayyade masa adadinsu. A kula da mai ƙwarai, domin giram ɗaya na mai yana ɗauke da kalori 9, alhali na hatsi 4 ne kacal, don haka soye-soye irin su ƙosai da fanke sai jefi-jefi. Lemon kwalba da shayi mai yawan sukari a ƙaurace musu, tun da maganin kansa na ɗaga sukarin jini. Gishiri kada ya kai giram 5 a rana, wato kimanin ƙaramin cokali ɗaya, a kuma tuna cewa dunƙulen miya da kanwa duk suna cikin lissafi. Nono da kindirmo marasa sukari na taimaka wa ƙashi.

Motsa jiki shi ne ɗaya ɓangaren. Abin so shi ne minti 150 a mako, kamar tafiyar minti 30 sau biyar, amma mai farawa na iya somawa da minti goma. Mai lufus ya zaɓi sanyin safiya ko bayan la'asar sakaliya, saboda zafin rana na ta da cutar. Ranar da gaɓɓai suka kumbura a huta, a wadatu da miƙe su a hankali. Akwai kuma allurai na zamani masu rage jin yunwa, irin su semagulutayid da aka amince da shi don rage ƙiba a Amurka a 2021, amma ba a yin su sai da izinin likitan da ya san jinyar.

A ɗaya hannun, ramar da ta zo ba da nema ba ba abin murna ba ce. Tana iya zama alamar tashin cutar, ko ciwon sukari, ko tarin fuka, wanda ke saurin kama mai shan maganin danne garkuwa.

6.0 Kammalawa

An ga cewa ƙibar mai wannan jinya tana da tushe a cikin cutar da kuma maganinta, kuma rage ta na tafiya ne kafaɗa da kafaɗa da kwantar da cutar. Da zarar an rage magani bisa ƙa'ida, kumburin fuska kan sauka cikin watanni. Malami zai iya cin karo da ɗalibar da fuskarta ta cika cikin zango ɗaya, 'yan aji suna yi mata ba'a. Irin wannan tsokana ce ke sa yarinya ta ɓoye ƙwayar magani ta daina sha. Hakkin malami ne ya tsawatar, ya sassauta mata ayyukan cikin rana, ya kuma tuntuɓi iyayenta.

7.0 Tambayoyi

1. Kawo hanyoyi huɗu da firednisolon ke jawo ƙiba.
2. Me ya sa yanke magani lokaci guda ke da haɗari?
3. Yaya za a bambance kumburin ruwa da tarin kitse?
4. Taƙaita sashe na 5.0 cikin jimloli biyar.