Kafin Ka Yi Fomatin: Yadda Ake Farautar Bairos Da Filashin Ceto

A lokacin buga takardun JAMB da duba sakamakon WAEC da NECO, kwamfutar shago a Bebeji, Kiru, Tudun Wada ko Doguwa ba ta hutawa. Wannan ya soka filashinsa, wancan ya jona wayarsa. Bayan 'yan kwanaki sai ta fara nauyi, foldoji su koma shotkat, antibairos kuma ya ƙi buɗewa. Shawarar da aka fi bayarwa ita ce a yi mata fomatin. Sai dai fomatin yana tafiya da hotunan fasfo, takardun makarantu da duk aikin da mutane suka ba ka amana. Ga wanda ke Riruwai ko Doguwa, kai ta wurin mai gyara a birnin Kano yana nufin ratsa dajin Falgore, da kuɗin mota, da rufe shago yini guda. Kafin a kai ga haka akwai matakin da ya kamata a gwada, wato faifan ceto.

Me ya sa antibairos yake gazawa?

Antibairos yana aiki ne a cikin Windows. Idan bairos ya riga shi kama wuri, to shi ne mai gida. Da zarar an kunna kwamfuta zai tashi tare da Windows, ya ɓoye fayilolinsa, ya hana a goge su. Misali, Sality, wanda aka gano a 2003, yana manne wa fayilolin manhajoji kuma yana kashe antibairos. Ramnit, wanda ya bayyana a 2010, yana yaɗuwa ta filashi. Wasu ma a sashen farko na hadis-dis suke zama, inda kwamfuta ke fara karantawa kafin Windows ta tashi. Dabarar tsohuwa ce, domin da ita bairos ɗin Brain, wanda wasu 'yan'uwa biyu suka rubuta a Lahore ta Pakistan a 1986, ya riƙa yawo a faifan fulofi.

Faifan ceto yana ɗauke da ƙaramar babbar manhaja tasa, galibi Linux, tare da antibairos. Idan kwamfuta ta tashi daga kansa, Windows ba ta tashi ba ke nan, bairos ɗin ma yana kwance kamar kowane fayil. Ba zai iya ɓuya ba, ba zai iya kare kansa ba. A da a faifan CD ake sa shi, shi ya sa sunan ya bi shi. Yanzu filashi ake amfani da shi, tunda yawancin laftob ba sa zuwa da wurin sa faifai.

Fara da wanda ke cikin Windows

Idan kana da Windows 10 ko 11 kuma tana buɗewa, Microsoft ya saka irin wannan a ciki. Shiga Windows Security, ka zaɓi Virus & threat protection, sai Scan options, sai Microsoft Defender Offline scan, ka latsa Scan now. Kwamfutar za ta mutu ta sake tashi, ta yi bincike na kimanin minti 15. Idan Windows ɗin ta ƙi buɗewa, ko kuma Windows 7 ce, to sai filashi.

Yadda ake haɗa filashin

Za ka buƙaci kwamfuta mai lafiya, da filashi na 4GB ko sama wanda ba ka buƙatar abin da ke ciki, saboda za a share shi.

1. Sauko da fayil ɗin ISO na faifan ceto daga shafin kamfanin da ya yi shi. Kaspersky Rescue Disk da Avira Rescue System duk kyauta ne. Kada ka karɓa daga guruf ɗin WhatsApp ko filashin wani.
2. Sauko da Rufus, ita ma kyauta ce. Buɗe ta, zaɓi filashinka, zaɓi fayil ɗin ISO, ka latsa Start.
3. Idan ta gama, cire filashin ka yi masa alama, kada ya koma cikin na kwastomomi.

Fayil ɗin yana cin ɗaruruwan MB ko fiye da haka. Inda sabis ke da rauni, gara ka sauko da shi tun kafin matsala ta zo, ranar da ka shiga Kano ko ka samu sabis mai ƙarfi. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Yadda ake binciken

Kashe kwamfutar gaba ɗaya, ka soka filashin, ka kunna, sannan ka yi ta latsa maɓallin zaɓen inda za ta tashi. A HP F9 ne, a Dell da yawancin Lenovo F12. Zaɓi sunan filashinka. Idan ta ƙi, shiga BIOS ka kashe Secure Boot, ka mayar da shi bayan ka gama.

Idan manhajar ta buɗe, fara da sabunta ta, domin jerin bairos ɗin da ta sani ya tsaya ne a ranar da aka haɗa fayil ɗin. Jona ta da Wi-Fi ko hotspot na wayarka. Idan babu sabis, ci gaba da binciken a haka, tsofaffin bairos irin su Sality ba za su tsere mata ba.

Kafin ka goge komai, kwafe muhimman takardu da hotuna zuwa wata ma'ajiyar daban. Kada ka kwafi fayil mai ƙarewa da .exe, .vbs ko .lnk. Daga nan ka zaɓi a binciki dukkan sassan hadis-dis. Aikin yana iya ɗaukar sa'o'i a tsohuwar kwamfuta, don haka ka tabbatar akwai caji, ko man janareta, ko sola. Idan ta kama wani abu, fara da zaɓin warkarwa ko killacewa. Gogewa ita ce ta ƙarshe, domin idan fayil ɗin Windows ne ya kamu, goge shi na iya hana kwamfutar tashi.

Abin da ba zai iya ba

Faifan ceto ba ya buɗe fayilolin da bairos mai neman kuɗin fansa ya kulle, irin WannaCry na watan Mayun 2017. Zai cire bairos ɗin, amma fayilolin suna nan a kulle. Haka kuma idan an kulle hadis-dis da BitLocker, sai da mabuɗinsa mai lamba 48. Sannan idan Sality ya cinye manhajoji da yawa, ƙarshenta sai an sake sa Windows, amma aƙalla ka fitar da takardun mutane.

Bayan ta warke

Canza kalmomin sirri na imel da na banki, kuma ka binciki filashin shago ɗaya bayan ɗaya, in ba haka ba gobe bairos ɗin zai dawo. Ka kuma tuna Microsoft ya daina tura gyaran tsaro ga Windows 7 tun 14 ga Janairun 2020, Windows 10 kuma wa'adinta ya cika a 14 ga Oktoban 2025. Idan da hali, ware kwamfuta ɗaya don filashin kwastomomi, ka bar muhimman takardu a wata, sannan ka riƙa sabunta filashin ceton duk bayan wata ɗaya ko biyu.